Warin da ya hana ni barci a jirgi, da ranar da na cire tiyon banɗaki gaba ɗaya

Ni ɗan Yauri ne, a bakin ruwa aka haife ni, tun ban kai shekara goma ba nake riƙe filafili a kwale-kwalen babanmu, to ƙarnin kifi da warin taɓo da na ruɓaɓɓiyar ciyawa duk abokan tashina ne, ba sa damuna ko kaɗan. Amma warin da na haɗu da shi a cikin jirgin maigidana a nan Legas wallahi wani abu ne daban, kuma na fi wata takwas ina fama da shi kafin in gane daga ina yake fitowa, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani ɗan'uwa da yake irin aikina zai huta da wahalar da na sha.

Shekara uku ke nan ina kula da wani jirgin shaƙatawa mai tsawon ƙafa 42, a ɗaure yake a ruwan nan da ya raba Ikoyi da Victoria Island, Asabar ko Lahadi maigida ya zo da iyali ko abokai mu nufi Tarkwa Bay ko Ilashe, sauran kwanakin kuma ni kaɗai ne a ciki, nan nake kwana nan nake ajiye kayana. Ɗaki biyu ne a ƙasa da banɗaki ɗaya ƙarami. Kuma banɗakin jirgi ba kamar na gida ba ne da za ka ja ruwa komai ya gangara sokawe da kansa, a'a, famfon hannu ne a gefen kwanon, kana bugawa yana jawo ruwan lagun, wato ruwan nan na Legas da jirgin yake kai, ta wani siririn tiyo mai faɗin milimita 19, sannan ya tura bahayar ta wani babba mai milimita 38 zuwa tanki, mu tankinmu a ƙarƙashin gadon ɗakin gaba yake, daidai inda nake sa kaina. Daga tankin akwai tiyon da ya hau sama inda ake zuƙewa, akwai wanda ya tafi bawul ɗin da ke jikin jirgi ƙasan ruwa, sai wani ɗan ƙarami da ya fita ta gefe, shi ne hancin tankin, ta nan yake shaƙar iska.

Warin nan ba irin na masai ba ne kai tsaye. Kamar ruɓaɓɓen ƙwai ne ya haɗu da zarni, da wani tsami-tsami a ƙarƙashi, kuma ya fi tashi da rana tsaka in jirgin ya wuni a rufe zafi ya dafa shi. Ya shiga katifa, ya shiga labule, ya shiga kayan sawata. Abin da ya fi yi mani ciwo wata Juma'a ce da na sa kaftanina wankakke a goge, na je masallaci, ina cikin sahu na ji warin yana tasowa daga jikin rigar, raina ya ɓaci ƙwarai, tun daga ranar na daina salla a cikin ɗakin jirgin sai dai in hau gadar da ake ɗaure jirage in shimfiɗa darduma ko da ana yayyafi, don zuciyata ba ta kwanta da wurin ba. Madam kuma duk zuwan da za ta yi sai ta ce, Malam ba ka wanke banɗakin nan ne? Alhali kullum sai na wanke shi sau biyu, har tsakanin kusoshi nake bi da buroshi.

Ba abin da ban zuba ba. Bilic, maganin kashe ƙwayoyin cuta na wanke masai, kafur a kowane lungu, turaren fesawa gwangwani-gwangwani, har turaren wuta na taɓa kunnawa da gawayi a kasko. Kowanne sai ya rufe warin na awa biyu ko uku sannan ya dawo a cakuɗe da ƙamshin, ya ma fi muni.

Wanda ya warware mani wani dattijo ne Banufe, ya yi shekaru da yawa yana aikin inji a jiragen nan masu jan manyan jirage a Apapa, yanzu ya huta amma yakan zo gadarmu duba injin wani jirgi da ke kusa da namu. Yana jin Hausa sosai. Ranar ya hango hayaƙin turare yana fitowa ta taga ya ƙwala mani kira, ya ce "Kai yaro, garwashi a cikin jirgi? Fitar da shi yanzu-yanzu, mai da batir da gas duk suna ƙasanka." Na fitar, na ba shi haƙuri, na ce Baba wari ne ya ishe ni. Ya shigo, bai ko leƙa banɗakin ba, kai tsaye ya ɗaga katifa ya buɗe katakon ƙarƙashin gado, ya ce in tafasa ruwa in kawo tsumma mai tsabta. Ya tsoma tsumman a ruwan zafi ya matse, ya naɗe babban tiyon da shi a wurin da ya fi yin ƙasa, muka zauna muna hira har ya huce, sannan ya warware ya ce in fita da shi can waje inda iska take in sansana. Wallahi warin nan ne sak a jikin tsumman, alhali babu ɗigo ko ɗaya a jikin tiyon, a bushe yake ƙayau.

Ya ce "Ka gani? Ba yoyo yake ba, jikinsa ne ya sha." Abin da ya bayyana mani shi ne roba tana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, in ƙazanta ta daɗe tana kwance a cikin tiyo, warin yana ratsa robar a hankali har ya fito ta waje, kuma in ya riga ya ratsa to an gama, ba sabulun da zai fitar da shi, ba fentin da zai rufe shi, ko ka naɗe shi da salatif na ɗan lokaci ne. Magani ɗaya ne, a cire a yar. Da muka haska da tocila muka duba sosai sai muka ga ma wanda ya yi aikin kafin zuwana ba tiyon banɗaki ya sa ba, irin farin nan ne mai zobe-zobe da ake jan ruwa da shi a injin ban-ruwa, ga shi ya bar shi ya yi tsawo har ya lanƙwasa ya yi ciki a tsakiya kamar hanjin rago, to duk abin da aka tura rabi yana isa tanki rabi yana komawa ya kwanta a wannan kwarin, sati da sati, cikin zafin Legas. Raina ya sosu da wannan aikin gaskiya, don wanda ya yi shi ya karɓi kuɗinsa ya tafi, mu ya bari da shaƙa.

Na gaya wa maigida, da farko ya ɗan ja da ya ji kuɗin, don tiyon gaske na wannan aikin yana da tsada, ya ninka na kasuwa sau da yawa kuma sai an yi odarsa. Na kai masa tsumman nan a leda na ce Oga sansana. Bai ƙara magana ba. Wanda muka samu Saniflex ne na kamfanin Raritan, robar butil ce, tana lanƙwasuwa ba tare da ta karye ciki ba, akwai kuma Trident 101 da Baba ya ce shi ma ana yabonsa sai dai ya fi tauri, a lungu mai matsi sai ka yi gumi. Mita bakwai na auna da igiya, na ce a ƙara ɗaya saboda kuskuren yanka.

Ranar aikin Talata ce, na samu wani ƙanena da ke aiki a gadar ya taya ni. Tun ranar Litinin muka sa aka zuƙe tankin, na cika shi da ruwan famfo aka sake zuƙewa har sau uku, na kuma buga ruwa mai daɗi bokiti biyu ta kwanon don ya wanke hanyar. Kar wanda ya tsallake wannan, don Allah. Sai na rufe bawul biyu na jikin jirgi, na shigowar ruwa da na fita, na ɗaure hannayensu da waya don kar ƙafa ta ture su, na ajiye turakun katako masu tsini a kusa da guduma, saboda waɗannan ramukan a ƙasan ruwa suke, in bawul ya karye a hannunka kana da mintuna ne kawai kafin ruwa ya kai gwiwa. Muka buɗe duk tagogi da ƙofar sama, muka kunna fanka tana hura iska cikin ramin, safar hannu doguwa da takunkumi. Wannan warin ruɓaɓɓen ƙwan iska ce da ake kira haidurojin salfaid, guba ce ta gaske, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi don haka ƙasa take kwanciya, daidai inda mutum zai cusa kansa, kuma mugun halinta in ta yi yawa hanci yana daina jin ta, sai ka zaci ta tafi. Na ce wa yaron in ka ji kanka yana sarawa ko jiri kar ka yi ta maza, fita kawai.

Cire tsohon ne wahalar. Ya manne da bakin fayif kamar an yi masa walda, na ja na murɗa na ga zan fasa bakin tankin wanda roba ce, sai na tuna Baba ya ce kar ka ja, yanka. Na sa reza na tsaga shi a tsaye a hankali don kar in ji wa bakin rauni, ya buɗe kamar ɓawon rake. Kowane baki da na cire nan take nake cusa masa tsumma in sa leda in ɗaure, yaron yana riƙe da roba a ƙasa don abin da zai zubo, kuma ya zubo ɗin duk da wankin da muka yi. Inda ya bi ta bayan kabad hannu ba ya shiga, to dabarar ita ce ka haɗa bakin sabon da bakin tsohon da ɗan guntun fayif a ciki, ka ɗaure su gam, ɗaya yana ja ta can ɗaya yana turawa ta nan, tsohon yana fita sabon yana bin sawunsa. Sau biyu yana kuɓucewa a tsakiya muna sake farawa, sai da na huda su na zura waya sannan ya wuce.

Da muka fitar da shi kan gada na yanka shi biyu da zarto don in ga cikin. Subhanallah. Tiyon da ya kamata ya zama milimita 38, ramin da ya rage da ƙyar ɗan yatsana ya shiga, sauran duk wani farin dutse ne ya toshe zagaye kamar cikin tsohuwar butar shayi. Wannan haɗuwar fitsari da ruwan gishiri ce take haifar da shi, yana taruwa kaɗan-kaɗan, shi ya sa ashe famfon yake mani tauri tun bara ina zaton girma ne ya kama shi. Ruwan lagun ɗin nan da damina yana yin sauƙi amma da rani gishirinsa yana ƙaruwa sosai, ga mu kusa da bakin teku.

Sa sabon bai ba mu wuya haka ba. Ka tsoma bakinsa a ruwan zafi minti biyu ko uku ya yi laushi, ka shafa ɗan sabulun wanke kwanuka, ka tura shi har ƙarshe lokaci ɗaya. Ban da giris, ban da baƙin mai, suna cin roba kuma daga baya tiyon yana iya zamewa. Kowane baki kilif biyu na sa, wato zoben ƙarfe mai kusa da ake matse tiyo da shi, kusoshinsu suna kallon gefe daban-daban. A nan ma akwai abin lura, kilif da yawa da ake sayarwa a ce maka ba ya tsatsa, zoben ne kawai mai kyau, kusar kuwa ƙarfe ne na banza da aka yi wa wanka, wata shida a iskar gishiri ta ruɓe. Na tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu, duk wanda kusarsa ta cafke shi da ƙarfi na ajiye, na nemi mai lamba 316 a jiki. Sai babban abin, na rage tsawon, na ɗaga shi na ɗaure da katako yadda daga inda ya hau sama zai yi ta gangara ne har tanki, babu kwarin da wani abu zai kwanta. Wurin da yake miƙe sambal kusan mita biyu a gefen gado ma fayif mai tauri na PVC na sa, shi wari ba ya ratsa shi sam, na haɗa bakunansa da guntayen roba don ya samu wurin motsi in jirgi yana dukan igiyar ruwa.

Tunda na riga na buɗe famfon na canja wani ɗan bawul na roba da ke bakin fitarsa, joka ake ce masa, kamar bakin agwagwa yake, aikinsa ya bar abu ya wuce kar ya dawo. Namu ya saki baki ya yi tauri, ina ganin bilic ɗin da na yi ta zubawa ya taimaka wajen kashe shi, shi ya sa in an bar kwanon a bushe da dare da safe sai in tarar da baƙin ruwa ya dawo. Abu ne mai arha, ya kamata a canja shi duk shekara.

Na zaci an gama, sai da yamma Baba ya zo ya ce ka duba hancin? Na ce wane hanci. Muka cire ɗan ƙaramin tiyon nan na iska, na hura ta ciki, ko motsi. Ashe zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a bakin ramin ta waje, ya toshe shi ɗam, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ƙwayoyin da ke cin ƙazanta iri biyu ne, akwai masu son iska waɗanda in suna aiki kusan ba ka jin wari, akwai masu rayuwa inda babu iska, su ne masu fitar da warin ƙwan nan. Tankin da hancinsa ya toshe ya zama gidan na biyun. Ni kuma da nake ta ɗura masa magani ina kashe na kirkin ne gaba ɗaya, in ƙarfin maganin ya tafi masu warin su riga kowa dawowa. Ban da haka tanki marar hanci in ana tura masa kaya yana kumbura, in ana zuƙewa yana tsukewa, zai iya tsagewa wata rana a ƙarƙashin gadon mutum. Na sa waya na farfasa lakar, na canja wannan tiyon shi ma don ya sha wari, na miƙar da shi.

Akwai wari na uku da ban gane ba sai bayan sati ɗaya, wanda yake tashi kawai a bugun farko in an kwana biyu ba a yi amfani da banɗakin ba. Wannan ba daga tanki ba ne, ruwan lagun ne da ya kwana a siririn tiyon shigowa da bakin kwanon, ƙananan halittun da ke cikinsa sun mutu sun ruɓe. Yanzu abin da nake yi, in baƙi sun tafi ranar Lahadi sai in rufe bawul ɗin shigowa, in zuba ruwan famfo da bokiti in buga har hanya ta wanke tas, sauran kwanakin ni da buta da bokiti nake amfani, ruwan lagun ba ya shiga sam. Sau ɗaya a sati kofi ɗaya na ruwan khal, in bar shi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya in bi shi da ruwa, yana hana farin dutsen nan taruwa, amma kar a bar shi ya kwana don robar joka ba ta son jiƙo a cikinsa. Baƙi kuma ina gaya masu tun kafin mu tashi, cikin ladabi, su buga famfon da yawa ba sau uku su saki ba, sai abin ya isa tanki, kuma ban da tishu mai laima da audugar mata da komai da ba ta cikin mutum ya fito ba, na ajiye ɗan kwando mai murfi a gefe.

Maganar inda ake zubarwa kuwa, wannan tana ci mani rai. Na san akwai masu jira dare ya yi su buɗe bawul a nan cikin lagun. Yarjejeniyar MARPOL ta ƙasa da ƙasa kan hana jirage gurɓata teku, kashi na huɗu, wanda ya fara aiki a 2003, ta ce manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe ba za su saki ƙazantar da ba a sarrafa ba sai sun yi nisan fiye da mil 12 na teku daga gaɓa kuma suna cikin tafiya, wadda aka niƙa aka sa wa magani kuma sai bayan mil 3. Ƙaramin jirgi irin namu bai shiga wannan lissafin ba, amma ni ba doka ce take hana ni ba. Kullum da asuba ina ganin masunta suna jefa birgi a ruwan nan, mutanen Makoko a kansa suke kwana suke tashi, yaransu a ciki suke iyo, kuma ni ɗan masunta ne, na san abin da ruwa yake ga wanda ba shi da wani abin sai shi. Motar kwasar sokawe muke kira ta zo bakin gada, maigida yana biya, na gaya masa tun farko ni ba zan buɗe wancan bawul ɗin a nan ba kuma bai musa ba.

Bayan aikin sai da na wanke duk ramin ƙarƙashin gadon da omo da ruwan zafi, na bar shi a buɗe kwana uku da fanka, katakon murfin ma ya sha wari sai da na goge shi da samfefa na shafa masa fenti. Katifar na yi ta shanya ta a rana kusan sati biyu amma soson ya ƙi saki, ƙarshe sabo aka yanko. Yanzu wata biyar ke nan, kayana suna cikin kabad ɗin da tiyon ya bi ta bayansa kuma ƙamshin sabulu kawai suke yi, na dawo da dardumata ciki. Watan jiya na sake gwajin tsumman a kan sabon tiyon don in tabbatar, ba komai.

Saura abu ɗaya da Baba ya nace a kai, hancin tankin namu milimita 16 ne, ya ce ya yi ƙanƙanta, a mayar da shi 25 don iska ta riƙa shiga sosai, kuma a sa masa baki buɗaɗɗe wanda za a iya wanke shi da ruwa daga waje. Sai an faɗaɗa ramin jikin jirgin, ni kuma ba zan huda jirgin mutum yana kan ruwa ba, na bari sai Disamba in an ɗaga shi don fentin ƙasa. Kafin nan duk Juma'a da safe ina leƙa bakin ramin da ɗan tsinke, don zanzaron ya riga ya dawo sau biyu.